Koren Zare a Wuyan Riga

Na san abin da kuka daɗe kuna faɗa a tsakaninku game da ni da yayanku, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa mini ido da ido sai Saudatu, ita ma sau ɗaya. Waɗansunku sun ce alkunya ce irin ta mutanen da, wai don ɗan fari ne shi ya sa ko bayan ransa ban iya ambatonsa ba. Waɗansu sun ce taurin zuciya ne. Matar ɗan'uwanku Mudassir kuwa, Allah ya yi mata albarka, cewa ta yi tawakkali ne, har takan ba ƙawayenta labarina don su yi koyi, ni kuwa ina madafa ina jin ta, kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya dace. Ku da kuke nesa kun dai ga na sauya a shekarar da Saudatu ta rataye riguna a tsohon siton hatsi, kun ga na fara zuwa Manga, ba ku san dalili ba. Tunda ido ya fara raguwa, hannu kuma yana rawa in na riƙe biro, gara in rubuta muku da kaina, don kada ku gaji labarin da ba shi ba ne.

Alkunyar dai akwai ta, ban musa ba. A gidanmu na Bena haka na tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Na yi makaranta har na gama sakandare, amma wannan ɗabi'a ba ta bar jikina ba. Da za a kai yayanku makarantar kwana aka aiko da takarda cewa a rubuta sunan yaro a kowace riga da wando don kada su ɓace a wajen wanki. Na zauna da alƙalami a hannu, riga a cinya, na kasa. Sunan da bakina ba ya faɗa, hannuna ma ya ƙi rubutawa. Sai na ɗauko allura da koren zare, irin wanda nake yi wa matashin kai ado da shi, na yi ɗinki uku a jere a cikin wuyan rigar, daga bayan ƙeya, inda ba a gani sai an juya. Na ce masa, duk rigar da ka ga wannan a wuyanta, taka ce. Tun daga ranar bai sake sa wata tufa ba, ta gida ko ta makaranta, sai na yi mata ɗinkin nan. Ya girma, ya fi babanku tsawo, ya shiga soja kamar yadda babanku ya yi, kamar yadda rabin samarin Zuru suke yi, amma duk hutun da ya zo sai ya juye jakarsa a tabarmata.

"Inna, ga sababbi an ba mu, a sa musu hatimi," in ji shi.

"Ƙato da kai, har yanzu ba ka iya gane kayanka ba?"

"Na iya. Amma in babu hatimin Inna, sanyi ke shiga."

Zuwansa na ƙarshe har da wata rigar sanyi ta soja mai kauri, kalar ganyen kuka busasshe, wadda ƙusa ta yage a gwiwar hannu. Na yi mata cin zare a wurin, na sa mata hatiminta. Bayan wata huɗu motar soja ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Kun san sauran. An ce an yi musu kwanton ɓauna can gabas, an ce an riga an binne su a can, an miƙa wa babanku jaka da takarda ɗaure a hannunta mai ɗauke da sunan yayanku. Babanku ya karɓa a tsaye, ya sara musu, ya shigo ya ajiye ta a ƙofar ɗakina.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na gani da na buɗe ta ni kaɗai, bayan mata masu gaisuwa sun tashi yin sallar la'asar. Bargo ne, da kwano, da singileti biyu, da rigar sanyi. Na juya wuyan rigar sanyin, babu zare. Na juya singiletin, babu. Na duba gwiwar hannun, babu cin zarena, lafiya lau take. Hannayen rigar ma an naɗe su ciki an ɗinke da baƙin zare, ɗinkin namiji, manya-manya kamar taku na kaza, alamar mai ita gajere ne. Yayanku kuwa duk rigar da aka ba shi, wuyan hannunsa a waje yake. Carbin da na ba shi ma babu. A nan ne Shaiɗan, ko kuwa in ce zuciyar uwa, don ban son in ɗora wa Shaiɗan abin da ni na yi, ta raɗa mini cewa in kaya ba nasa ba ne, to, wataƙila labarin ma ba nasa ba ne. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. Wataƙila an kama shi ne, wataƙila yana wani daji, wataƙila wata rana zai yi sallama a zaure. Na ninke rigar na sa a ƙasan akwatina, na rufe bakina. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ni abin da na zuba a nawa ya fi ƙarfinsa. Na san in na nuna wa babanku, tsohon saje ne, zai bi diddigi har ya samo gaskiya, ni kuwa gaskiyar ce nake gudu. Shekara shida duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa, sai in motsa leɓe kawai. A sujada kuwa cewa nake yi, ya Allah ka tsare shi a inda yake, ka ciyar da shi, ka dawo mini da shi. Kullum in na kwashe tuwo sai na bar malmala ɗaya a kwano na rufe, in gari ya waye in ba kaji. Kun ɗauka mantuwar tsufa ce.

Saudatu ce autata, kuma ita ce Allah ya ba ta hannu. Tun tana ƙarama take zane a bangon madafa da gawayi ina gogewa. Da ta ce fannin zane za ta karanta a jami'a na yi ta fargaba, saboda abin da muka ji daga malamai game da surar abu mai rai, har sai da ta yi mini alkawarin cewa ita aikinta da tufafi ne da tarkacen gida, ba ta sassaƙa mutum. Bayan ta gama ta dawo, ita da waɗansu abokan karatunta suka nemi wani tsohon siton hatsi a bayan kasuwa, suka share, suka shafe shi da farar ƙasa, suka fasa tagogi, suka ce wai gidan nunin ayyukan fasaha ne, irin wanda ake yi a manyan birane. Nuninsu na farko a kan abin da rashin zaman lafiya ya yi wa gidajen ƙasar Zuru ne. Ita Saudatu nata kason shi ne ta bi gidajen da aka kawo musu jaka irin tamu, ta roƙi aron riga ɗaya ɗaya, ta rataye su. Babanku da ya ji haka dariya ya yi har da tari.

"Shekara huɗu ina sayar da dawa ina aika miki, ashe shanya kika tahi koyo? Ai da kin tsaya gida, uwarki ta fi malamanku iyawa."

"Baba, ba shanya ba ce. So nake mutane su ga yawansu a wuri ɗaya. Kowane gida yana kukansa a ɗaki shi kaɗai, kamar abin kunya."

Sai ya daina dariya, ya ce ta je ta tambayi uwarta, jakar tana wurina.

Ta same ni ina tsince shinkafa a faifai. Ta durƙusa, ta yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ta faɗi abin da ya kawo ta. Na ce a'a. Ta ce kwana goma ne kawai, za ta dawo da ita yadda ta karɓa. Na ce a'a. Ta ce gida goma sha wani abu sun bayar, har da waɗanda ba su san ta ba, ta yaya za a ce gidan mai nunin ne ya hana? Ni kuwa abin da ke raina, ta yaya zan rataye rigar ɗan wani in rubuta sunan nawa a ƙasa? Kuma in na rataye sunansa a cikin matattu, ai na sa hannu ke nan. Ban iya faɗa mata ko ɗaya ba. Sai ta miƙe, idonta ya cika, ta faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin ta a ƙirji.

"Inna, shekara shida ina kasa kunne. Ko sau ɗaya ban taɓa jin kin ce Allah ya jiƙan Yaya ba. Maƙwabta suna cewa, almajirai suna cewa, ke ba ki ce ba. In alkunya ce, ai Allah ba suruki ba ne."

Na ɗaga hannu kamar zan mare ta, ni da ban taɓa dukan ɗayanku ba, sai hannun ya sauka a kan faifan, shinkafa ta watse a ƙasa. Ta tsuguna tana tsincewa tana kuka, ni ma ina tsincewa, babu mai kallon wani. Daga ranar ta koma kwana a gidan yayarta, in ta zo gaisuwa daga bakin ƙofa take tsayawa.

Ranar buɗewa ban je ba. Babanku ya sa babbar riga ya je, ya dawo bai yi mini ba'ar shanya ba, abincin rana ma kaɗan ya taɓa. A rana ta uku, da safe bayan ya karya, ya tsaya a kaina da sandarsa.

"Kulu, tashi ki sa hijabi. Ɗiyarki ta yi abin da ya kamata ki gani. In kin ƙi don ita, ki je don mutane, ana tambayata ko ba ki da lafiya."

Na hau kabu-kabu na tafi, ina ta istigfari a hanya ban san na mene ne ba. Ban taɓa shiga irin wurin ba, na ɗauka zan ga hotuna a bango kamar na kalanda. Abin da na fara tararwa a bakin ƙofa takalma ne, silifas da takalman roba na yara da na manya, babu mai ɗan'uwa, an jera su a ƙasa a layi mai lanƙwasa kamar hanyar tururuwa, duk sun fuskanci ƙofa. Wani saurayi ne ya tsinto su a kan hanyoyin da mutanen ƙauyuka suka bi ranar da suka gudo. Wata tsohuwa tana tsaye a kan wani ɗan takalmi ja tana cewa irin na jikarta ne sak. Can gefe wata yarinya ta jera ƙofofin rumbu guda bakwai, na gaske, da ta karɓo daga garuruwan da aka bari, a jingine da bango, babu rumbun babu hatsin. Ni da na tashi a gidan noma, ganin ƙofar rumbu a tsaye ita kaɗai ya sa na ji yunwar da ba ta ciki ba. Mutane suna ta shiga suna fita, 'yan kasuwa, 'yan makaranta, Fulani mata da ƙoransu a ka, tsofaffin sojoji da sanduna, kuma abin mamaki kowa a hankali yake magana kamar an shiga gaisuwar mutuwa.

Aikin Saudatu yana can ƙurya, inda rufin ya fi tsawo. Ta ɗaura siraran igiyoyi daga azara, kowace da rigarta, ba a layi ɗaya ba, waɗansu gaba waɗansu baya, daidai tsayin mutum, ta yadda in ka shiga tsakaninsu kamar ka shiga cikin taron maza ne. Iska na shigowa ta taga, sai su riƙa juyawa a hankali, wannan ta ba ka baya, waccan ta fuskance ka. A ƙarƙashin kowace ta ajiye ƙwarya da dawa daga gonar gidansu, da 'yar takarda mai suna. A tsakiya akwai igiya ɗaya da babu komai a jikinta. Ƙwaryar da ke ƙasanta tawa ce, wadda nake auna gero da ita, mai tsaguwa a baki da na ɗinke. Ban karanta takardar ba, na san abin da ke ciki.

An rubuta a bango cewa kada a taɓa. Amma ku kun san ni, ban iya wuce tufa a rataye ban kai hannu ba, ko a gidan mutane ne sai na gyara wuyan riga a igiya. Ina tafe a tsakaninsu ina duba ɗinki, ina cewa a raina wannan uwarsa ta iya wanki, wannan an bar ta a rana ta koɗe, sai wata rigar sanyi mai dogayen hannuwa ta juyo ta ba ni gwiwar hannunta. Kowace mace ta san cin zarenta kamar yadda ta san muryar ɗanta a cikin yara. Nawa nakan bi shi sau biyu in gicciye. Na tsaya. Ƙafafuna suka ce mu koma gida, wallahi har na juya. Na san in na ɗaga wuyan rigar nan, abin da na yi shekara shida ina ciyarwa da malmalar tuwo zai mutu a hannuna. In kuma na fita ban duba ba, zan ci gaba da zama da shi, amma na san ƙarya nake yi wa Allah a sujada. Na ce Bismillahi, na kai hannu na juya wuyan. Ɗinki uku, kore, ɗaya ya ɗan saki.

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na dai riƙe hannun rigar kamar yadda nake riƙe shi in za mu tsallaka titi yana ƙarami. Takardar da ke ƙasa ta ce Ishaya, daga Manga.

"Ke ce uwarsa."

Wata mata ce ta yi maganar, tana zaune a kan benci a jikin bango, gajeruwa, kakkaura, da ɗankwalin zumuntar mata na coci a kanta, hannayenta duk kanta irin na mai noma. Ban lura da ita ba da na shigo. Hausarta irin ta mutanenmu 'yan ƙabilar Lelna ce da suka koye ta a kasuwa, a miƙe, babu kwana. Ta taso ta tsaya kusa da ni.

"Kwana uku ina zuwa nan tun safe. Kowa yana kallo yana wucewa. Na ce wadda za ta juya wuya, ita ce."

"Baiwar Allah, a ina kika samo wannan riga?"

"Inda kika samo taki. Mota ɗaya ta kawo mana, an fara ta Manga. Sunana Rifkatu. Ishaya nawa gajere ne, Hajiya, kamar ni. Wannan riga in ya sa, sai ta kai masa gwiwa. Tun ranar na sani."

Na tambaye ta me ya sa ba ta mayar ba. Ba da faɗa na tambaya ba, ni da nake da irin laifin a akwati. Ta ce Ishaya shi kaɗai ne namiji a wurinta, ya gama golmo ke nan, wato noman da samarinsu ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba su ita, saura biki ya tafi. Ta ce da ta ga rigar ba tasa ba ce, ta ji tsoron in ta kai ƙara za a karɓe wannan, a ce za a bincika, ta zauna hannu wofi. Ta ce gara rigar ɗan wani da babu. Shekara shida tana shanya ta a rana duk bayan damina, tana sa mata ganyen da ke korar asu, in abin ya taso mata ta rungume ta ta yi kukanta. Amma da 'yar nan mai zane ta zo neman aro, sai ta ga hanya ce Allah ya kawo, don ta tsufa, ba ta son ta mutu da kayan mutane. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ƙullin farin ƙyalle, ta buɗe a tafin hannuna. Carbina ne, na 'ya'yan itace, wanda na ba shi.

"A aljihu na same shi. Na ga maƙwabtana Musulmi ba su ajiye shi a ƙasa, sai na rataye a ƙusa, sama da inda nake ajiye Littafina Mai Tsarki. Ban bar yara sun yi wasa da shi ba."

Na damƙe carbin a hannuna. Muka zauna a kan bencin nan mu biyu, na ce mata Ishayanta yana ƙasan akwatina, ya naɗe hannayen rigarsa da baƙin zare. Ta yi dariya da hawaye, ta ce shi ne, ɗinkinsa kamar na mai ɗinke buhu, ta yi ta yi ya kawo ta gyara masa ya ƙi. Saudatu ta hango mu daga ƙofa ta taho da gudu, ta ga rigar a hannuna da wuyanta a juye. Ita ma ta san hatimin, don ta sha zare mini allura. Ta toshe baki da hannu biyu. Na jawo ta na zaunar a tsakaninmu, na ɗaga carbin, kuma a gaban 'yan kasuwa da 'yan makaranta da duk wanda ke wurin na faɗi abin da na hana ɗana shekara shida. Na ce Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama, ya sa ya huta. Wani tsoho mai sanda a bayanmu ya ce amin, sai amin ɗin ta bi ɗakin har bakin ƙofa. Rifkatu ma ta ce amin.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. A ranar ne ɗana ya rasu a wurina. Abin da ku kuka yi shekara shida da suka wuce, ni a makon nan na yi shi, ba masu gaisuwa, ba tabarma a zaure. Kuma sai da na durƙusa a gaban babanku na buɗe akwati na nuna masa rigar, na faɗa masa komai. Na ɗauka zai yi faɗa, da ya yi ma da ya fi mini. Ya juya hannun rigar yana duba baƙin zaren, ya daɗe, sa'an nan ya ce:

"Ashe ni kaɗai na yi makokin yaron nan. Ina ganinki kina harkokinki, ina cewa Kulu ta fi ni imani, ina jin kunyar in yi hawaye a gabanki. Kin bar ni ni ɗaya, Kulu."

Kwana tara bai ci tuwona ba, a gidan ƙaninsa yake ci. Ban ga laifinsa ba. A rana ta goma ya shigo da rake guda biyu ya jingine a ƙofar madafa, ya ce in shirya gobe zai raka ni Manga, ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na kuma je wurin malamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin addu'ar da na riƙe. Ya ce in yi ta istigfari, in yawaita masa yanzu, rahamar Allah ba ta makara. Tuwon da nake rufewa na ci gaba da rufewa, sai dai yanzu da sani nake bayar da shi sadaka, ladan nasa.

Kafin a rufe nunin na kai wa Saudatu rigar Ishaya da hannuna. Ta sauya takardun, ta rataye kowace a kan sunan mai ita, igiyar tsakiya ta samu riga. Ranar da aka kwance su, ni da Rifkatu muka zo karɓa. Na miƙa mata ta ɗanta, ta miƙo mini ta nawa. Ta kai tata hanci ta shaƙa, ta yamutsa fuska.

"Hajiya, kin cika wa Ishaya turaren wuta. Yanzu ƙanshin Hausawa yake yi."

"Ke ma ai kin mayar mini da nawa ɗan Manga, hayaƙin murhunki kawai nake ji."

Muka yi dariya har Saudatu ta leƙo. Sai Rifkatu ta shafa rigar, ta ce ita fa hannunta ya saba da doguwar, wannan kamar baƙuwa take jin ta. Ni ma abin da ke raina ke nan. Shekara shida ina ninke gajeriyar nan, ina sa mata turare duk Juma'a, na san kowane taku na baƙin zaren. Na ce mata a wurinmu in ɗa ya tashi a hannun wata, ba a zuwa rana ɗaya a fizge shi, riƙo ake ce masa, kuma mai riƙo uwa ce. Ta ce su ma haka ne. Sai ta karɓi doguwar ta mayar mini da gajeriyar.

"In kina marmarin ɗanki, ki zo Manga ki gan shi. In ina marmarin nawa, in zo Zuru. Ta haka ba za mu yar da juna ba."

Carbin kaɗai na riƙe, shi ne wannan da kuke gani a hannuna. To, kun ji dalilin zuwana Manga duk bayan girbi, kun ji dalilin da ya sa tsohuwar nan mai ɗankwalin coci take shigowa har ƙuryar ɗakina ba ta neman izini, take kuma samun cinyar kaza ranar Sallah kafin ku.

Saboda haka ku saurara, ke Saudatu ke ce shaida. Ranar da aka zo raba abin da na bari, za ku tarar da rigar sanyi a ƙasan akwatina, mai naɗaɗɗun hannuwa. Ba ta cikin gado, amana ce. Ku kai ta Manga, ku ba Rifkatu in tana raye, in ba ta nan ku ba 'ya'yanta mata, ku gaishe su da kyau, ku zauna ku sha ruwansu. In sun miƙo muku doguwar ku karɓa da hannu biyu, in ba su miƙo ba kada ku tambaya.

Sauran abu ɗaya. An aiko mini da takarda tun yana ɗan shekara goma sha biyu cewa in rubuta sunansa, na kasa, na yi ɗinki uku a maimakonsa. Yau ga biro a hannuna, babu suruki a ɗakin, daga ni sai Ubangijina. Allah ya jiƙan ɗana Muhammadu Lawal.